Nu'uman Da Katin Da Aka Rubuta "Babu Kowa"

Ana sallame sallar Asuba a masallacin unguwarsu ta Gwadangaji, kafin liman ya gama juyowa, Nu'uman ya riga ya sa takalmi. Gida zai koma ya ɗauki fulas biyu na kunun da mahaifiyarsa ta dama, ya ɗaure su a bayan babur tare da bokiti, sabulu, soso, reza da ɗan almakashi, ya nufi cikin Birnin Kebbi. Shekara uku ke nan ana haka. Masu gadin asibitin, wanda ba sai an faɗi sunansa ba, sun daina tambayarsa wurin wa ya zo, don amsar tasa ba ta canzawa: "Wurin wanda ba shi da mai jinya."

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san abin da wannan magana take nufi. Likita zai duba ka, nas za ta yi maka allura ta ɗaura maka ruwa, amma wanka da wanki, da ɗauko fo, da juya ka a gado kada bayanka ya yi gyambo, da miƙo maka buta in za ka yi alwala, wannan duk aikin mai jinya ne, wato naka na jini. In ba ka da shi, to Allah ya kiyaye. Nu'uman, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai gyaran injin ban-ruwa a fadamar Zauro, shi ya ɗora wa kansa wannan aiki ba tare da wani ya sa shi ba. Daga ƙarfe shida zuwa tara yana ɗakin majinyata maza. Ya yi wa wannan wanka, ya yi wa wancan aski, ya ba wani kunu da cokali. Tara na yi sai ya wanke hannu ya wuce fadama, ya je ya kama baƙin mai.

Sista Laure, babbar nas ɗin ɗakin, shekararta talatin da ɗaya a bakin aiki, kuma ba ta da saurin yabo. Ta ga masu zuwa da kwalin madara da mai ɗaukar hoto a bayansu, ta ga masu ƙungiya da riguna iri ɗaya waɗanda ba sa wuce bakin ƙofa saboda wari. Da yaron ya fara zuwa, ta ba shi mako biyu a ranta. Ranar da ta same shi durƙushe yana wanke zanen gadon wani dattijo da gudawa ta kama, hannunsa tsirara, yana ta jan mutumin da hira don kada ya ji kunya, sai ta tsaya ta riƙe baki.

"Kai, ɗan wa kake?" ta ce. "Mi ya kawo ka ga wanga aiki?"

"Sista, jini niz zo ba abokina wata rana," in ji shi. "Sai nig ga wani tsoho yana miƙa hannu ga buta, ta yi mai nisa. Mutane na ta wucewa. Shi ke nan."

Ta jira ƙarin bayani, babu. Ta je ta ɗauko masa safar hannu, ta ce in ta sake ganinsa ba ita sai ta kore shi.

To, abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne bara, lokacin yankan shinkafa. Direbobi suka kawo wani tsoho da ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Sunansa Tamba, masunci ne daga Argungu, dogo, baƙi, ƙashi da jijiya. Ƙugiya ce ta soke shi a tafin ƙafar hagu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa, ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Wurin yankar kati aka tambaye shi gari, ya faɗa. Aka ce, "Sunan ɗanka ko wanda za a kira?" Sai tsoho ya sunkuyar da kai. Mai rubutu ya maimaita har sau uku, layi ya yi tsawo, mutane na tsaki a baya. Ya rubuta "babu kowa", aka tura shi gado na bakwai.

Washegari Nu'uman ya same shi. Da farko tsohon ya ƙi yarda a taɓa shi, ya ce shi da ya shekara sittin cikin gulbi ba yaron birni ne zai koya masa ruwa ba. Nu'uman ya ce ai shi ba koyarwa ya zo ba, koyo ya zo. Suka shirya. Kullum yana cuɗa masa baya, Baba Tamba yana ba shi labarin gulbin Rima: inda giwan ruwa ke kwanciya, yadda ake rungume gora a tafi kan ruwa, shekarar da ambaliya ta kwashe masa taru. Ya ce kowace shekara in ruwa ya fara ja yakan tafi su can Yawuri ya yi wata biyu, kuma hanyar da ya kama ke nan ciwon ya kayar da shi.

Tun makon farko likitoci suka ce yatsu biyu sun mutu, sai an cire. Baba Tamba ya ce a'a.

"Ba a taɓa jikina sai an yi shawara da gida."

"To Baba, da wa za a yi shawarar?" in ji Laure.

Ya juya fuska ga bango. Laure ta duba kati, ta ga "babu kowa", ta ce a ranta rikicin tsufa ne da kaɗaici. Aka ci gaba da wanke ciwo da allurai, ana lallashi. Baƙin ya haura daga yatsu zuwa tafi, daga tafi zuwa idon sawu. Warin ya kai inda maƙwabtan gadonsa suka roƙi a matsar da su. Nu'uman kaɗai ke zama kusa da shi ya ci abinci, don tsohon ya rantse ba ya ci shi kaɗai.

Rana ta goma sha tara, wani sabon likitan tiyata ya zo zagaye. Yana buɗe bandejin ya ja da baya, ya dubi saurayin da ke tsaye da bokiti, ya rufe shi da faɗa.

"Kai wane irin ɗa ne? Kana kallo ƙafar ubanka ta kai haka? Ka san dafin nan in ya shiga jini, kwana biyu, uku in ya yi yawa, sai dai a ɗauki gawa?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai yana shan faɗan. Laure ce ta ce, "Likita, ba ɗa nai ba na. Bai haɗa komi da shi ba. Taimako ɗai yaka zuwa yi."

Likita ya dube ta, ya dubi bokitin, ya dubi yaron. Daga baya ya ce shi tunda yake aiki bai taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Ya sassauta murya ya yi wa Baba Tamba bayani: yanzu ba maganar yatsu ake ba, ƙafa ce daga ƙasan gwiwa, ko kuma rai. Tsoho ya saurara tsaf, ya gode, ya maimaita maganarsa ta kullum, sai an yi shawara da gida.

Laure ta fito baranda ranta a ɓace. Nu'uman ya biyo ta, idonsa ya yi ja.

"Sista, wallahi tausai yaka ba ni. Wane gida? Matatai ta rasu. Ɗiya biyar Allah ya ba shi, duk sun tahi. Jiya ina yi mai aski yana lissafa min su: Abbas, Nana, Aishatu, Mujtaba. Kowane da ciwon da ya ɗauke shi. Ɗayan kuwa ko suna nai bai iya hwaɗi don baƙin ciki."

Laure tana riƙe da farantin allurai. Ta tsaya cak.

"Biyar yac ce?"

"Awo."

"Huɗu yah hwaɗi?"

"Huɗu."

"Abbas ɗin na nawa na?"

"Ya ce shi ab bi ma na hwari."

Farantin ya suɓuce daga hannunta, ƙarfe ya watse a siminti har masu jinya suka leƙo. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nu'uman, mun kashe tsohon ga da hannunmu! Ɗan hwari na! Yana raye! Kunya ta!"

Abin ya zo mata kamar mari. Ita Laure da kanta, babban ɗanta Muhyiddeen ya ba shekara talatin baya, har ya aje iyali, amma bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Yayansu" take cewa. Ko a gaban mutane aka yabe shi, kawar da kai take yi. Haka ta taso ta ga uwarta na yi, haka kakarta ta yi. Mutumin da aka haifa a bakin gulbi shekara saba'in da suka wuce, a ce ya tsaya a tsakiyar layi, gaban mata da yara, ya ambaci sunan ɗansa na fari, har ya nuna yana bukatarsa? Ai gara masa ciwon. Kuma ita da ta san wannan tun tana goye, kwana goma sha tara tana karanta "babu kowa" tana wucewa. Ta ce ba ta taɓa jin haushin kanta irin na ranar ba.

Ta koma gado na bakwai, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji.

"Baba, wanda kab bar ma jirginka, shina Argungu?"

Tsohon ya rufe ido. Sai ga hawaye ya gangaro ta gefen kunne.

"Shina ga aiki nai," ya ce. "Kada a tashe shi ga aiki."

Kafin ta miƙe, Nu'uman ya riga ya kai ƙofa. Ranar akwai manomin da ke jiransa a Zauro da injin a kwance, kuma ya san in bai je ba wani za a kira, ba kuma za a sake nemansa ba. Ya bar bokitinsa a nan ƙarƙashin gado, ya tada babur ya ɗauki hanyar Argungu, ba sunan wanda zai nema, ba unguwa, ba lambar waya.

Abin da ya faru a can, Usmanu ne da bakinsa ya ba Laure labari daga baya, yana yi yana rufe fuska. Usmanu shi ne ɗan farin, magidanci mai shekara arba'in da wani abu. Yana zaune bakin ruwa yana ɗinkin taru sai ga masu sayar da kifi sun rako wani baƙon saurayi mai baƙin mai a farce, wai yana neman gidan Tamba masunci.

"Tamba shina Yawuri," in ji Usmanu. "Lahiya?"

"Ba shi Yawuri. Shina asibiti Birnin Kebbi, yau kwana goma sha tara. Za a yanke mai ƙahwa, ya ce sai an yi shawara da gida."

Usmanu ya aje taru ya miƙe a hankali, ya cafki wuyan rigar yaron. A wannan zamani wa bai ji labarin masu irin wannan sallama ba? Su zo su ce naka na asibiti, ka hau bayan babur, daga nan sai dai a ji ka a daji. Nan da nan masunta suka zagaye shi. Wani ya zare makullin babur ɗin, wani ya ɗauko filafilin tuƙa jirgi.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a."

"Ya hwaɗi ma sunana?"

"A'a. Har yanzu ban san sunanka ba."

"Kun ji ko! Ɓarawo na!"

An riga an kai masa duka ɗaya a kafaɗa. Nu'uman bai yi kokawa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi Usmanu ido cikin ido ya ce, "Abbas, ƙyanda. Nana, wurin haihuwa. Aishatu, zazzaɓi, shekarar babbar ambaliya. Mujtaba, gulbi yac ci shi yana ɗan sha biyu. Ga bayan Baba, ƙarƙashin kahwaɗar dama, akwai tabo mai tsawon yatsa inda ƙayar kihi tay yage shi. Ni ka cuɗa wurin kullum da sahe. Ka buge ni in kana so, amma mu tahi yanzu, likita ya ce kwana biyu."

Hannun Usmanu ya saki rigar. Ya zauna daɓas cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya ɗora hannu a ka yana salati. Mai filafili ya yar da shi. Wanda ya zare makulli ya matso ya mayar da shi da kansa.

Ana kiran La'asar suka shigo ɗakin. Laure ta ce ta zaci za a yi kuka da rungume-rungume, sai ta tuna da su wa take tare. Usmanu ya tsaya a ƙofa, warin ya buge shi, ya ga abin da ya rage na mahaifinsa a kan gado. Ya cire takalmi, ya taka a hankali, ya tsuguna can wajen ƙafafu, kansa a ƙasa. Baba Tamba ya yi masa kallo ɗaya tak, ya juya ga bango.

Can tsohon ya ce, "Nu'uman."

"Na'am, Baba."

"Tambayi wancan, sun kwashe albasa?"

Usmanu ya ce, "Ce mai mun kwashe."

"Hwaɗa mai abin da likita yac ce. Ka ji min mi yag gani."

Nu'uman ya maimaita bayanin da kowa a ɗakin ya riga ya ji, tsakanin mutum biyu da tazararsu ba ta kai taku uku ba. Usmanu ya share fuska da hular kansa.

"Ce mai a yanke. Ce mai shi zauna cikin jirgi, ni in tuƙa. Ce mai ba ni da kowa sai shi."

Kafaɗun tsohon suka yi rawa. Sannan ya miƙa babban yatsansa baya don dangwala amincewa, ba tare da ya juyo ba.

"A kawo takardar."

Washegari da hantsi aka shiga da shi tiyata. Jini ya yi ƙaranci, aka ɗebi na Usmanu, aka ɗebi na Nu'uman. Baba Tamba ya fito da rai, ba ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da ba wannan zancen ake ba. Ya kuma ce da an gane tun makon farko, yatsu biyu kawai za a rasa. Wannan magana ta biyu har yau tana ci wa Laure rai, kuma ba ta ɓoyewa. Da ta ce wa Nu'uman shi ya ceci tsohon, cewa ya yi ai ita ta gane. Ta ce, "Na gane da mi? Ni kati nika karantawa. Kai kaz zauna har ya lissafa ma matattu nai."

Bayan mako uku aka sallame shi. Usmanu ya zo da mota, ya kawo buhun busasshen kifi ya dire gaban Nu'uman. Nu'uman ya gode, ya raba wa masu jinyar ɗakin, ya kai wa mahaifiyarsa ƙulli ɗaya. Aka ɗora tsoho a keken guragu. Ya yi sallama da kowa, gado bayan gado, ya kira Laure da suna ya sa mata albarka, har mai shara bai manta ba. Nu'uman yana tsaye riƙe da sandunan dogarawar tsohon yana jiran tasa sallamar. Mutumin da ke kiran sunansa sau ashirin kafin hantsi ya zo daidai shi, sai ya kawar da kai. Ya ce da Laure, "Ki ce ma wancan yaron, Allah shi yi mai albarka. Ki ce mai shi riƙa cin abinci, ya rame."

Aka tura keken. Fuskar Nu'uman ta canza. Ya matso kusa da Laure ya ce a hankali, "Sista, mi niy yi mai? Ko don na tahi Argungu ba da izini nai ba?"

Laure ta sa gefen mayafi a ido. Usmanu ne ya juyo daga bakin ƙofa, yana dariya yana hawaye.

"Kai kuma! Shekara arba'in da uku ni kaɗai aka yi ma haka. Yau mun zama biyu."

Nu'uman, kai ne ka ga buta ta yi wa tsoho nisa ka kasa wucewa. Kai ne ka sha faɗan da ba naka ba, ka sha dukan da ba naka ba, ba ka tsaya wanke kanka ba don akwai wanda ke jira. Mai bokitin ɗakin maza, mai jinyar marasa mai jinya. Ba ka da ƙungiya, ba ka da riga mai tambari, ko hotonka ka hana a ɗauka. Mun gode. Allah ya saka maka, ya saka wa mahaifiyar da ke tashi dama kunu tun kafin Asuba.

Ku kuma samarin Birnin Kebbi da Argungu, da 'yan matanmu, don ɗakin mata ma yana nan da irin nasa, ba a ce ku bar sana'a ko makaranta ba. In kun je duba naku, ku dubi gadon da ke kusa. In ba tabarma a ƙarƙashinsa, ba kwano, ba takalmin kowa, ku yi sallama ku ja kujera. Ku zauna ku saurara, ku lura har da abin da mutum ya kasa faɗa.

Baba Tamba yana can Argungu, yana zaune cikin jirgi ɗansa na tuƙawa, kuma mun san bakinsa ba zai ƙara furta sunanka ba har ya koma ga Allah. To mu ba mu kai wannan matsayi ba, don haka za mu faɗa a madadinsa, da ƙarfi, kowa ya ji: Nu'uman na Gwadangaji, Allah ya yi maka albarka.